KIRAN MOTOCI DOMIN GYARAN KYAMARAR BAYA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu su san wani al'amari da ya auku a ƙasar Amurka, wanda ya shafi motoci masu yawan gaske, musamman manyan nan da a ke kira jif. Abin da ya sa labarin ya zama abin kula a ƙasar nan shi ne, da yawa daga cikin motocin da a ke shigowa da su ta Ikko da Kwatano, a Amurka aka fara hawansu, da aibinsu kuwa su ke zuwa.

MECE CE KYAMARAR BAYA?

Kowane direba ya san akwai wani wuri a bayan motarsa wanda ba ya iya gani, ko ya dubi madubi, ko ya waiwaya. Gwargwadon tsayin mota da tsawonta, gwargwadon faɗin wannan wuri. Saboda haka jif ta fi ƙaramar mota haɗari wajen yin ribas, gama yaro ƙarami ya kan tsaya dab da bayanta, kansa bai kai gilashi ba.

Domin maganin wannan aka ƙago wata 'yar na'urar ɗaukar hoto wadda ba ta fi ƙwayar dabino girma ba, a ke maƙala ta kusa da lambar mota ta baya. Da direba ya sa giyar ribas, sai hoton abin da ke bayansa ya fito a kan wani allo da ke gabansa. Watau aikin na abubuwa huɗu ne: kyamarar kanta, da wayar da ke kai hoto, da manhajar da ke sarrafa shi, da allon. In ɗaya ya kasa, duka sun kasa.

DALILIN KAFA DOKA

A cikin shekarar 2002 wani likita a Jihar New York ya take ɗansa mai shekara 2 da jif a ƙofar gidansa, yana ribas, bai gan shi ba. Sunan yaron Cameron Gulbransen. Da sunansa aka yi dokar da Majalisar Amurka ta zartar, Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu a 2008.

Hukumar da ke lura da lafiyar motoci a kan hanyoyin Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta NHTSA, ita ta tsara ƙa'idodin a 2014. Bisa lissafinta na lokacin, kimanin mutum 210 ke mutuwa kowace shekara ta wannan hanya, 15,000 kuma su ji rauni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan yara ne da ba su kai shekara 5 ba, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma tsofaffi ne daga shekara 70 zuwa sama. Aka yanke cewa daga ran 1 ga watan Mayu 2018, kowace sabuwar mota da nauyinta bai wuce tan huɗu da rabi ba, tilas ta nuna wa direba fili mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 20 a bayanta, hoton kuma ya fito cikin daƙiƙa 2. Tun daga ranar, kyamarar baya ta tashi daga kayan ado, ta shiga sahun birki da fitila.

YADDA A KE KIRAN MOTA

Akwai doka a Amurka cewa in kamfani ya gane akwai aibi a motarsa wanda zai iya jawo haɗari, wajibi ne ya kira ta domin gyara. Ga yadda a ke bi: kamfani zai sanar da hukuma cikin kwanakin aiki 5 bayan ya gane aibin. Sa'an nan ya rubuta wa masu motocin takarda cikin kwana 60. Mai mota ya kai ta wurin wakilin kamfanin, a gyara masa ba tare da ya biya ko kwabo ba.

ABIN DA YA SAMI KAMFANIN FORD

A watan Satumba 2020 kamfanin Ford ya kira mota fiye da 600,000 ƙirar wannan shekara, a cikinsu har da jif irin su Explorer, da Escape, da Edge, da Expedition. Aibin kuwa shi ne, mahaɗin lantarki na cikin kyamarar ba ya kamawa sosai, sai hoto ya riƙa ɗaukewa ko ya fito a hargitse. A 2021 hukuma ta shiga bincike ko kamfanin ya yi jinkiri. A watan Nuwamba 2024 aka ci shi tarar dala miliyan 165, saboda bai yi kiran a kan lokaci ba, kuma bai ba hukuma cikakken bayani ba. A lokacin, tara ɗaya ce kaɗai a tarihin hukumar ta fi wannan girma.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A watan Janairu 2023 kamfanin ya kira kimanin mota 462,000 a duniya, irin Explorer da Lincoln Aviator da Lincoln Corsair, domin allonsu ya kan koma shuɗi, ba hoto. A watan Mayu 2025 ya sake kiran mota fiye da miliyan 1, a wannan karo saboda kuskuren manhaja, wadda ke sa hoto ya makara, ko ya ƙi fitowa, ko ya daskare.

Kada a zaci Ford kaɗai abin ya shafa. A 2023 kamfanin Honda ya kira kimanin mota miliyan 1.2, irin Pilot da Passport da Odyssey, saboda mahaɗin waya. Wajen ƙarshen 2025 kamfanin Toyota shi ma ya kira mota fiye da miliyan 1, har da na Lexus.

Ya kamata a lura da bambancin waɗannan aibobi. In allo ya yi baƙi ko shuɗi, direba ya san ba ya gani, zai waiwaya. Amma in hoto ya daskare, allon yana nuna masa fili babu kowa, alhali kuwa hoton na ɗazu ne, yaro ya riga ya shigo. Wannan shi ne mafi muni, gama makahon da ya san shi makaho ne ya fi tsira bisa wanda ke zaton yana gani.

INDA ABIN YA SHAFI ƘASAR NAN

Takardar kira tana zuwa ne ga wanda sunansa ke cikin rajista a Amurka. In an sayar da motar, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Ikko ko Kwatano, ta ƙaraso Kano ko Sakkwato, takarda ba ta bin ta. Wanda ya saya bai san an taɓa kiranta ba, dillali ma sau da yawa bai sani ba. Ga shi kuwa a garuruwanmu a ƙofar gida a ke ajiye mota, inda yara su ke wasa, almajirai su ke zama, tsofaffi su ke shan inuwa. Ƙura da zafin rana kuma su kan ƙara wa kyamara rauni.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI

Ana roƙon Hakimai su isar da waɗannan abubuwa ga Dagatai da Masu Unguwa, da shugabannin direbobi, da masu sayar da motoci a ƙasashensu:

1. Kowace mota tana da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17. Ana samunta a gindin gilashin gaba ta wajen direba, da jikin ƙofar direba. Malamin Hakimi, ko wani mai waya, zai iya shigar da lambar a shafin intanet na hukumar NHTSA, nan take a ga ko akwai kiran da ba a gyara ba. Ba a biyan kome.

2. In an sami kira, mai mota ya nemi wakilin kamfanin da ke ƙasar nan ya ji abin da za a iya yi. A sani, gyara kyauta dokar Amurka ce, ba lalle ta bi mota zuwa wata ƙasa ba. Aibin manhaja kuwa ba aikin mai wayarin na bakin hanya ba ne.

3. Direba ya riƙa share idon kyamara, ya kuma gwada ta: ya sa wani ya gitta can nesa da bayan mota, ƙafarsa a kan birki, ya ga ko hoton yana motsi.

4. Kafin a tayar da mota a ƙofar gida, direba ya kewaya ta da ƙafarsa. In akwai yara, a sa babba ya tsaya ya riƙe su inda direba ke ganinsu.

5. Kyamara taimako ce, ba ta ɗauke wa direba duban madubi da waiwaye ba.

Ya kamata a fara da motocin fada da na ofishin Hakimi, domin jama'a su ga misali. Malamai su rubuta lambobin motocin da aka duba, da abin da aka samu, su ajiye a ofis. Rigakafi dai ya fi magani.