ZAFIN BAZARA DA HARBIN KURCIYA A GONAKIN BAYAN GARI

Mu 'yan makarantar kwana, hutunmu na ƙarshen zango na biyu yakan faɗo ne wajen watan Afrilu, watau tsakiyar bazara, lokacin da rana take dukan ƙasar Kano ba sassauci. A cikin wannan hutu ne yara da samari da yawa sukan ɗauki danƙo su nufi bayan gari neman kurciya da hasbiya. Wasu su dawo da aljihu cike, wasu kuma su dawo da ciwon kai kaɗai, suna cewa wai zafi ya kori tsuntsaye. Nufina a nan shi ne in bayyana wa mai karatu cewa zafi ba ya korar kurciya daga ƙasa. Abin da yake yi shi ne ya sake mata wurin zama da lokacin fita, kuma wannan sakewa tana da ɗauke da riba da hasara ga maharbi, ga manomi, da kuma ga ita tsuntsuwar kanta.

Ni ɗan Daurawa ne, unguwar da ke cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a gefen hanyar Maiduguri. Dattawan unguwarmu sukan ce a ƙuruciyarsu gonaki ne suka kewaye su, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni da Hotoro, ga ɗorawa ga tsamiya ga kuka a tsakiyar gonaki, jakuna kuma suna ta jigilar taki daga cikin birni. Yau kuwa gidaje da shaguna sun cinye wurin. Inda ake kira Fam Santa ma, duk da sunan gona da ke kansa, wayar hannu ake sayarwa. Wanda yake son ganin gona sosai sai ya wuce Mariri ya miƙa hanyar Wudil, ko ya bi hanyar Zariya zuwa Tamburawa, bakin kogin Challawa. Amma tsuntsayen ba su bi gonakin duka sun tafi ba. Hasbiya, mai jan kewayen ido da ɗige-ɗigen fari a fiffike, ta koma kan rufin benaye. Kurciya tana nan cikin darbejiya da mangwaro. Bardo ne dai, ɗan ƙarami mai dogon wutsiya, sai an fita fili ake ganinsa.

Da farko ya kamata mu san wane irin zafi ake magana. A Kano, daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yakan kai digiri 38 ko 39 da rana, sau da yawa ma ya zarce 40. Wannan kuwa awon cikin inuwa ne, don masu binciken yanayi ba sa ajiye ma'auninsu a rana. Fakon gona da rairayi sun fi haka zafi nesa ba kusa ba, duk wanda ya taɓa taka su ba takalmi da azahar ya sani. A shekarar 2024, zafin da aka yi a Afirka ta Yamma cikin azumi ya kai inda garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu.

To, yaya kurciya take yi da irin wannan rana? Jikinta dama ya fi namu ɗumi. Na ɗan Adam digiri 37 ne, nata kuwa wajen 41 ko 42, saboda haka zafin da ke galabaitar da mu ita tana iya daurewa da shi zuwa wani lokaci. Sai dai tsuntsu ba ya gumi kamar mu. Idan rana ta take, za ka ga kurciya ta buɗe baki tana haki, maƙogwaronta yana kaɗawa da sauri, ta saki fikafikai kaɗan don iska ta ratsa. Masana kimiyya sun kuma gano cewa dangin tantabara suna fitar da laima ta fatar jikinsu fiye da yawancin tsuntsaye, abin da ke sanyaya su ƙwarai. Amma fa duk waɗannan dabaru da ruwan jikinta take biyan su. Ga shi kuma abincinta busasshe ne: tsabar gero, dawa, da 'ya'yan ciyawa, waɗanda ruwan da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Tsuntsu mai cin ƙwari ko 'ya'yan itace yakan sami ɗan ruwa cikin abincinsa. Kurciya kuwa dole ta je mashaya kullum, a bazara har safe da yamma. Wani abin sha'awa, idan ta zo sha ba ta ɗaga kai sama kamar kaza. Tsoma baki take yi ta zuƙa har ta ƙoshi cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, sannan ta tashi.

A nan asirin maganar yake. Da kaka, abinci ne ke jan kurciya. Ana girbi, ana sussuka, tsaba a warwatse ko'ina, ruwa kuma bai gama ƙafewa a kududdufai ba, saboda haka tsuntsayen a baje suke cikin gonaki, maharbi sai ya yi ta yawo yana bin su. Da bazara kuwa, ruwa ne ke jan ta. Kududdufai sun bushe sun tsattsage, fadamu sun ja baya, sauran 'yan wurare ƙalilan: bakin rijiyar lambu, kwamin shayar da shanu, inda bututun famfo ya fashe, ko ɗan ramin da aka tona cikin rairayin kogi. Tsuntsayen da dā suke cike da gonaki goma sai su taru a mashaya ɗaya. Yaron da ya yi ta zagaya saura da tsakar rana bai ga ko gashi ba, ba tsuntsu ne babu ba, shi ne bai san inda suke ba.

Haka kuma lokacin fita yakan taƙaita. Da sanyin safiya, tun daga fitowar rana zuwa hantsi, kurciya takan sauka ta yi kala a masussuka, da gefen hanyar da motocin hatsi ke bi, da kan tsibin takin da manoma ke kaiwa gona a wannan lokaci. Daga nan sai ruwa. Rana na ɗagawa sai ta shige inuwa ta yi tsit, har kukanta ma ya ragu. Itacen da take so a gona shi ne mai duhuwa, kamar tsamiya da mangwaro, ko kuma gawo, wanda al'adarsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa, don shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Ba za ta sake fitowa sosai ba sai la'asar sakaliya. Ka ga ke nan yinin maharbi ya koma 'yan sa'o'i da safe da 'yan sa'o'i da yamma.

Kayan harbin ma zafi bai bar su ba. Danƙo yakan yi laushi da saurin miƙewa idan ya ji ɗumi, amma rana tana cinye shi. Wanda aka bari a rana kwana biyu sai ka ga ya yi ƙananan tsagogi, ana ja ya tsinke, kuma fuskar mai shi yake nufa, ba ta tsuntsu ba. Mai bindigar toka yana jin daɗin bazara ta fuska ɗaya, don albarushinsa ba ya yin sanyi ya ƙi tashi kamar yadda yake yi da damina. Amma tsumman da ya cusa a bakin bindiga yakan fito da wuta a jikinsa, ga busasshiyar ciyawa, ga tarin kara da harawar da manomi ya adana don dabbobinsa. Tartsatsi ɗaya ya isa. Sannan ga kawalwalniya: iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana sa abin da ke nesa ya riƙa rawa a ido, mutum ya auna nan, ashe tsuntsun yana can gefe kaɗan. Bindiga dai kowa ya san sai da lasin, tun dokar makamai ta 1959, kuma ba abin ɗagawa ba ce a wuri kamar Daurawar yau, inda bayan kowace katanga akwai mutane.

Shi kansa maharbin yana cikin haɗari, musamman yaro mai taurin kai. Ciwon kai, jiri, da amai alamu ne cewa rana ta fara yi wa mutum illa. Idan kuwa har ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi jau, to, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Naman ma ba ya jira. Tsuntsun da aka buge da dutse sai an yi hanzarin yanka shi kafin ransa ya fita, kamar yadda aka koya mana a darasin addini. Bayan haka a fige shi, a cire hanji da 'yar jakar nan ta ƙasan wuya inda yake tara tsaba, don daga nan ɓaci yake farawa. Mafi muni shi ne a cusa su da ɗuminsu cikin leda a ɗaure. Kafin a iso gida sun fara wari, ƙudaje suna rakiya.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damuna. Idan ka tambayi mai harbi dalilinsa, yakan ce kurciya maɓarnaciya ce, taimakon manomi yake yi. Da kaka wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ɓarnar kurciya ba ta kama ƙafar ta jan-baki ba, waɗanda ke sauka dubbai su share gonar gero ko shinkafa. Haka kuma a wuraren noman rani kamar Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ke ba da damar noman alkama da shinkafa, akwai amfanin gona a fili har cikin Maris. Amma a gonakin tudu irin na wajen Mariri, me ke cikin gona a watan Afrilu? Babu komai sai tushiyar kara. Abin da kurciya ke tsinta a lokacin tsabar da ta zube ce tun kaka, da 'ya'yan ciyawar da in an bar su za su tsiro su zama aikin noma. Ko manoman da ke yin binne, watau shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ba kurciya ce babbar abokiyar gabarsu ba, don ita ba ta tono da ƙafa kamar kaza ko zabo. Abin da aka bari a sarari take ɗauka. A ganina, harbin bazara neman nama ne kawai, gara a kira shi da sunansa.

Kuma harbin mashaya ya fi kowane sauƙi. Tsuntsun da ƙishirwa ta dame shi ba ya da zaɓi, ko an kore shi zai dawo. Mutum ɗaya da ya laɓe a gindin itace kusa da ruwa zai iya kashe na unguwa guda cikin 'yan kwanaki. Kurciya kuwa ƙwai biyu rak take sakawa, ta kwanta kansu wajen mako biyu, kuma ana samun sheƙarta har cikin rani. Uwa da uba ne ke karɓa-karɓar kwanci, su biyun kuma ke ciyar da 'ya'yan da wani farin abu mai kama da madara da suke amayowa daga wuyansu. A bazara zaman da suke yi a kan sheƙa har da yi wa ƙwan inuwa, don rana ma tana kashe shi. Idan aka harbe ɗaya a bakin ruwa, da wuya ɗayan ya iya riƙe sheƙar shi kaɗai. Wanda yake zaton ya kashe ɗaya, sau da yawa uku ya kashe. Ban da haka, tantabarun gida ma mashayar nan suke zuwa. A unguwarmu masu kiwon tantabara suna da yawa, wasu irin ma masu tsada ne, kuma faɗan da ake yi idan aka ga fiffiken tantabarar wani a hannun yaro ba ƙarami ba ne.

Kada wani ya ce tsuntsu ba ya ƙarewa. A Amurka an yi wata irin tantabarar daji wadda garkenta kan rufe rana don yawa. Harbi da saran daji suka gama da ita, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Kusa da mu kuma akwai wata kurciya baƙuwa, mai zanen baƙi da fari a gefen wuya, wadda ke hayayyafa a Turai ta zo ta yi rani a ƙasashenmu, har da dausayin Haɗeja da Nguru. A watannin Maris da Afrilu, tsakiyar zafin nan, take tara kitse don ta ƙetare Sahara ta koma. Yawanta ya ragu ƙwarai a Turai, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ake jin tsoron ƙarewarsu, a 2021 kuma Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta na wasu shekaru, aka kuwa ga ta fara ƙaruwa. Tamu ta gida ba ta kai wannan hali ba, amma gonakin da ke ciyar da ita a kewayen Kano kullum raguwa suke yi.

Tsofaffin maharba sukan ce kurciyar kaka ta fi ta bazara tsoka, shi ya sa da yawansu ba sa wahalar da kansu a wannan lokaci, sai su bar wa yara. Wasu masu lambu kuma na ga suna ajiye kasko da ruwa a gindin itace, su hana kowa harbi a wurin, ba don wata doka ba, sai don ba sa son a tattake musu yabanya ko a tsorata musu shanu.

Wannan hali yakan ci gaba har zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas, aka yi iska da ƙura, ruwan farko ya sauka, washegari kowane sawun mota da kowane rami ya zama mashaya. Tsuntsayen sai su watse cikin gonaki, bakin rijiyar da jiya yake cike ya koma shiru. Mu kuwa a lokacin mun riga mun koma makaranta, samarin ƙauye kuma sun rataye danƙo sun ɗauki sungumi.