Yadda Ake Haɗa Waya Da Hular Kwano Ta Bluetooth A Kan Babur

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Makoda, babur shi ne motar haya, shi ne motar asibiti, shi ne kuma jakin kai hatsi kasuwa. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, amma sana'ar acaɓa ta ci gaba a karkara, daga Koguna, hedikwatar ƙaramar hukumar, zuwa Ɗambatta da garuruwan da ke kewaye. Yanzu cinikin ɗan acaɓa kan zo ta waya: mai haƙuri da za a kai asibiti, ɗan kasuwar da ya sauka a bakin titi, mai lambun da ke son a ɗauko masa taki. Kiran da bai ɗauka ba kuɗi ne ya wuce shi.

Shi ya sa ake yawan ganin mai babur yana tafe da hannu ɗaya, ɗayan na laluben aljihu, ko ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, a kan hanya mai yashi da ramuka. Na'urar Bluetooth ta hular kwano an ƙera ta ne don hannu biyu su zauna inda ya kamata.

Mene ne Bluetooth?

Hanya ce ta haɗa na'urori biyu da ke kusa da juna ba tare da igiya ba. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinta a 1994, aka sa mata laƙabin wani tsohon sarkin Denmak mai suna Harald. Tana tafiya a kan zangon rediyo na gigahaz 2.4, kuma a yawancin wayoyi nisanta bai wuce mita 10 ba. Ba ta cin data, ba ta cin kati, ba ta buƙatar sabis.

Akwai ƙa'idoji uku da ya kamata mai saye ya duba a jikin kwali. HFP ita ce ta kira da amsawa. A2DP ita ce ke kai sautin karatu, rediyo ko waƙa. AVRCP kuma ita ce ke ba da damar tsayarwa ko canza abin da ake saurare daga maɓallin hula. In ɗaya ta ɓace, za a ga na'urar ta haɗu amma wani aikin ya ƙi.

Babur ɗin ma yana da Bluetooth?

Nan mutane da yawa ke rikicewa. Babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng, waɗanda suka cika hanyoyin karkarar Kano, ba sa zuwa da Bluetooth. Wannan ba matsala ba ce, domin waya da hula suna haɗuwa kai tsaye, babu ruwansu da babur.

Masu Bluetooth iri biyu ne. Na farko, irin tsarin SmartXonnect na TVS ko Y-Connect na Yamaha: ana sauke manhajar kamfanin, waya ta haɗu da allon mita, allon ya riƙa nuna alamar kira ko saƙo. Sauti kuwa daga waya yake zuwa hula. Na biyu, manyan babura irin na BMW masu allon TFT, inda babur ke zama dillali a tsakiya: waya ta haɗu da babur, hula ma ta haɗu da babur. A irin wannan, in aka bar tsohon haɗin waya da hula, sai na'urorin su riƙa ƙwace sauti daga juna, kira ya shigo amma kunne shiru. Maganin shi ne a goge tsohon haɗin kafin a fara sabo.

Hula tukuna

Na'urar tana da sassa uku: ƙaramin akwati mai maɓallai da ake maƙalawa a gefen hagu na hula, lasifika biyu falan-falan, da makirfo. Gefen hagu ake zaɓa saboda hannun dama na kan totur da birkin gaba. Hular da ta tsaya a saman kai kamar ƙwarya ba ta da wurin lasifika. Sai wadda ta rufe kunnuwa. Mai buɗaɗɗiyar fuska tana son makirfo mai sanda, mai rufe haɓa kuma tana son mai mannewa daga ciki.

Lasifika ta zauna daidai ramin kunne. In ta goce ko da faɗin yatsa ɗaya ne, sauti zai ragu, mutum ya zaci kayan jabu aka sayar masa. Soson da ke kan makirfo kuma kada a cire shi, shi ke tare iska.

Matakan haɗawa

1. A cika cajin na'urar kafin amfanin farko.
2. A kashe Bluetooth na sauran wayoyin da ke kusa, da duk wata sifika da wayar ta saba kamawa.
3. Na'urar na kashe, a danne maɓallin kunnawa ba a saki ba har fitila ta fara ƙyaftawa ja da shuɗi. A yawancin samfura wannan ce alamar tana neman abokiyar haɗi.
4. A shiga saitin waya, a kunna Bluetooth, a nemo sunan na'urar, a taɓa. In ta nemi lamba, galibi 0000 ce ko 1234.
5. A taɓa alamar da ke gefen sunan, a tabbatar an kunna sautin kira da sautin kiɗa duka biyun.
6. A gwada kira a tsaye, sannan a gwada injin na aiki, kafin a hau hanya.

In ta riƙa yankewa

Jikin mutum yana tare wannan zango, don haka wayar da aka zauna a kanta a aljihun baya za ta fi yawan yankewa. Aljihun ƙirji ya fi. Wayoyin Tecno, Infinix da itel kuma suna da tsarin tattalin batir da ke rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye. Mai amfani da manhajar babur sai ya cire ta daga cikin waɗanda ake rufewa. In duk an yi haka abin ya ƙi, a goge sunan na'urar daga waya, a kashe su duka, a sake daga farko.

Magana tsakanin hula da hula

Wasu na'urorin, daga masu tsada irin su Cardo da Sena zuwa masu sauƙin kuɗi irin su EJEAS da FreedConn, suna da intakom: hula biyu su yi magana da juna ba tare da waya ba. Ga 'yan kasuwar da ke tafiya tare da asuba ta wuraren da sabis ke ɗaukewa, wannan babban amfani ne. Na gaba ya gargaɗi na baya kan rami ko garken shanu. Sai dai nisan da aka rubuta a kwali na fili ne fetal. Bishiyoyi, gine-gine da dogayen gonakin dawa suna rage shi sosai. Kuma samfura daban-daban ba lallai su jitu ba, gara a sayi iri ɗaya.

Caji, ƙura da ruwa

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ana iya sa wa babur mazubin USB da ke mai da wutar batir daga bolt 12 zuwa 5. A kai wa mai gyaran wutar babur ya sa fiyus, ya kuma haɗa ta bayan makulli, don kada ta zuƙe batir cikin dare. Saboda ƙurar hunturu da ruwan damina, a nemi mai alamar IP65 ko IP67, a riƙa rufe murfin robar wurin caji. Mai zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya tafi da hularsa da wayarsa, a gwada a gabansa kafin ya biya.

Abin da na'ura ba ta yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar haɗari, kuma rashin riƙe wayar a hannu bai rage haɗarin sosai ba, don hankali ne ke rabuwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ma ta lissafa amfani da waya yayin tuƙi cikin laifuffuka. Don haka amfanin na'urar shi ne mai babur ya san an kira, ya gangara gefe ya tsaya, sannan ya yi cinikinsa. A bar sauti ƙasa-ƙasa yadda za a ji hon, da kukan dabba, da muryar fasinja.

Lokacin da FRSC ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu babur a Kano da ƙwarya a kai don kauce wa kamu. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, da raunin kai da kashi 69. In kuɗin mutum na abu ɗaya ne kawai, ya fara da hula mai rufe kunnuwa mai igiyar haɓa. Na'urar ta biyo baya in an sayar da gyaɗa.