Me ke kwantar da tsofaffin manyan jif a Yamai?

Tsofaffin Land Cruiser da Range Rover da ke yawo a Yamai, galibinsu na hannu ne daga ƙetare, kuma abu uku ke cinye su. Zafin watan Afrilu, da kan haura digiri 40, yana busar da robobi, lagireto ya fara yoyo, injin ya ɗau zafi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Man kwalba na bakin titi kuwa, in da datti ko ruwa a ciki, yakan lalata famfon mai.

Range Rover tana da ƙarin ciwo: jakunkunan iskar da ke ɗaga ta kan tsage, sai ta durƙusa. In za ka sayi irin wannan mota, kafin ka biya kuɗi, kai wa makanike ya duba.