3.2 Hoto a Matsayin Shaida: Ayyukan George Osodi da Fati Abubakar

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin nuna cewa mai ɗaukar hoto ba kwafar duniya kawai yake yi ba, zaɓe yake yi. Abin da ya sa a gaban kyamara da abin da ya bari a gefe, su ke tantance kamannin da za a san ƙasa da su. Don tabbatar da haka, an zaɓi ayyukan 'yan Nijeriya guda biyu.

Na farko shi ne George Osodi, wanda ya shafe shekarun 2003 zuwa 2007 yana ɗaukar hotuna a yankin Neja Delta. Tun da aka gano man fetur a Oloibiri a 1956, yankin ya zama ginshiƙin arzikin ƙasa. Amma hotunan Osodi sun fito da ɗaya fuskar wannan arziki: koguna da mai ya gurɓata, da wutar iskar gas tana ci dab da gidajen jama'a, da mata suna shanya rogo a zafin wutar. An baje kolin waɗannan hotuna a birnin Kasel na Jamus a 2007. Daga baya ya koma kan sarakunan gargajiya, ciki har da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ya rasu a 2014, don nuna cewa masarautu da dama ne suka haɗu aka sami Nijeriya.

Ta biyu ita ce Fati Abubakar, haifaffiyar Maiduguri. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, kusan duk hoton da ake gani na Borno na ƙone-ƙone ne da sansanonin gudun hijira. A 2015 ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, inda ta riƙa sa hotunan 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, sau da yawa tare da taƙaitaccen bayani daga bakin mai hoton. Ba ta musanta wahalar ba, sai dai ta ƙi yarda a ce wahalar ce kaɗai sunan Borno.

Idan aka lura da kyau, za a ga hanyoyin biyu sun bambanta amma manufa ɗaya ce. Osodi ya tono ɓarnar da labarin arziki ya lulluɓe, ita kuwa Fati ta fito da rayuwar da labarin yaƙi ya danne. Muhimmancin wannan bai tsaya ga fasaha ba, domin al'ummar da aka sani da hoto iri ɗaya, da shi ake yi mata hukunci wajen taimako da hulɗa da mutunci. Wannan ne zai kai mu ga sashe na gaba, wato haƙƙin wanda aka ɗauka a hoto.