RUBUTACCIYAR WAƘA A TASAWA DA MAYAHI: SAI DA MAJALISA BAITI YAKE TSAYUWA

Gundumomin Tasawa da Mayahi, a cikin jahar Maraɗi, ƙasa ce ta gero da wake da gyaɗa, wadda Gulbin Kaba ya ratsa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa kowace ɗaya daga cikinsu ta haura mutum dubu 500, kuma mafi yawan mutanen nan da Hausa suka buɗe baki. Waƙa ba baƙuwa ba ce gare su: akwai ta manoma a wurin gayya, akwai ta mata a bakin turmi, akwai ta makaɗan fada da ta ƴan kokowa. Amma akwai wani reshe wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne rubutacciyar waƙa, wadda mutum yakan zauna da alƙalami ya auna ta baiti bayan baiti, sa'an nan ya rera ta ba tare da kiɗa ba. Masu yin ta suna nan cikin malaman zaure da malaman lakkwal da ɗalibai. Abin da suke bukata a yau shi ne majalisa inda za a karanta abin da suka rubuta, a auna shi, a gyara, a adana.

Gadon da muka tarar

Wannan fasaha tana da tushe a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a 1754 a Maratta, wadda take cikin Nijar ta yau, kuma shi da jama'arsa sun riƙi waƙa hanyar karantarwa. Ɗiyarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara ƙungiyar ƴan taru, inda jajis suke haddace waƙoƙi su kai wa matan ƙauyuka. Ko da yake Maraɗi da Tasawa mazaunin gidan sarautar Katsina ne wanda ya yo arewa bayan jihadi, iyakar sarauta ba ta taɓa tare waƙa ba. Fatake da almajirai sun yi ta kai da kawo tsakanin Tasawa da Katsina da Kano, da takardun ajami a cikin gafaka. Ta wannan hanya, daga baya kuma ta hanyar rediyo, waƙoƙi irin su Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya suka shiga kunnen mutanen wannan yanki.

Bayan samun mulkin kai a 1960, boko ya zo ya tarar da ajami. Azuzuwan yaƙi da jahilci sun koya wa manya rubuta Hausa, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A zamanin Shugaba Seyni Kountché (1974-1987) samariya ta kowace unguwa takan shirya waƙa da wasan kwaikwayo domin gasar bikin matasa na ƙasa. An yi fasaha mai yawa a lokacin, sai dai mafi yawanta a baki ta tsaya, ta tafi tare da masu ita.

Darasin Kano

Maƙwabtanmu na kudu sun ba da misali wanda ya cancanci a duba. A shekarun 1970 akwai ƙungiyoyi biyu na marubuta waƙa a Kano: Hausa Fasaha, ta su Alhaji Aƙilu Aliyu, da Hikima, wadda Alhaji Mudi Sipikin ya shugabanta. Mutanen cikin Hikima ba manyan jami'a ba ne, masu sana'a ne da ƙananan ma'aikata. Sukan taru, kowa ya kawo abin da ya rubuta, a saurara, a tattauna, sa'an nan a kai gidan rediyo. Sun yi waƙa a kan al'amuran zamaninsu, kamar komawar tuƙi hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973. Mata ma ba a bar su baya ba: an buga waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya Ƴar Shehu a Zariya a 1983, cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata. Har wani masani daga Ingila, Graham Furniss, ya yi nazarin digirinsa na dakta a kan ƙungiyar Hikima, ya kammala a 1977.

Me ya ba wannan ƙungiya ƙarfi? Ba kuɗi ba ne. Marubucin da ya san cewa mako mai zuwa zai tsaya gaban tsaransa, masu kunnen da ba ya barin kuskure ya wuce, dole ya sake duba baitinsa sau uku kafin ya fito da shi.

Da me ake auna waƙa?

Ya kamata mai karatu ya san cewa gyaran waƙa yana da ƙa'ida, ba son rai ba ne. Abu na farko shi ne kari, wato ma'aunin da ɗango yake tafiya a kansa. Malamai sun aro sunayen karuruwa daga arulin Larabci, irin su Kamil da Mutadarik da Rajaz, amma aikin na harshenmu ne, domin a Hausa gaɓa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. A dubi kalmar «gari»: in ana nufin inda mutane suke zaune, gaɓar farko gajera ce; in kuwa ana nufin abin da ake tuƙa tuwo da shi, sai a ja ta. Wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya ya karya kari, ko da ma'ana ta yi daidai.

A nan ne muhimmancin karantawa a bayyane yake fitowa. Ajami yana nuna jan wasali da alif da wawu da ya. Rubutun yaƙi da jahilci na Nijar, bayan taron Bamako na 1966, yakan ninka wasali mai tsawo. Amma bokon da muke amfani da shi yanzu, tun bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, ba ya nuna wannan bambanci. Saboda haka ido kaɗai ba ya isa ya yanke wa baiti hukunci. Sai an rera shi kunne ya ji.

Abu na biyu shi ne ƙafiya, wato amsa-amon da kowane baiti yake ƙarewa da shi tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Na uku tsarin baiti: ko ƙwar biyu, ko ƙwar huɗu, ko ƙwar biyar, kuma wanda ya fara da ɗaya ba ya sauya sheƙa a tsakiya. Na huɗu jigo: shin marubuci ya tsaya a kan maganar da ya ɗauko, ko kuwa neman ƙafiya ya ja shi daji? A bisa al'ada akan buɗe da sunan Allah da salati, a rufe da sunan mai waƙa, wani lokaci har da shekarar da aka yi ta cikin ramzi. Wannan rufewa ita ce shaidar mallaka, kuma ta fi zama wajibi a yau, da waƙa take yawo daga salula zuwa salula ta WhatsApp har sunan mai ita ya ɓace a hanya.

Akwai kuma maganar karin harshe. Mutumin Korgom ko na Kanambakashe wanda yake cewa «hwari» da «kuɗɗi» bai yi laifi ba in ya sa su cikin baiti. Majalisa ta gari takan gyara karyewar ma'auni, ba ta tilasta wa kowa ya ari bakin Kano.

Abin rubutawa bai ƙare ba

Ƙasar nan cike take da jigogi masu jiran alƙalami. A yankin Maijirgi, cikin watan Yuli na 1899, sojojin Voulet da Chanoine suka juya wa shugabanninsu baya suka kashe su, bayan ɓarnar da ayarin ya yi wa garuruwan Hausa. Tsofaffi suna tune da farin 1973 da yunwar 1984, wadda jama'a suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Ga sassaben zamani, wanda ya mayar da gawo da sauran itatuwa cikin gonakin jahar Maraɗi tun daga shekarun 1980. Ga ƙarancin gona, ga cirani, ga karatun ƴaƴa mata. In ƴan ƙasa ba su rubuta waɗannan da bakinsu ba, jikoki za su karanta su ne a cikin rahoton baƙi.

Kira ga jama'a

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Doka ta ba da matsayi, amma littafin da yaro zai karanta a aji sai an sami wanda ya rubuta shi, kuma waƙa ce abin da yaro ya fi saurin haddacewa.

Aikin ba ya bukatar dukiya. Tabarma ce da inuwa, a gidan matasa ko a farfajiyar lakkwal ko a zauren wani dattijo, rana ɗaya cikin mako. Malamin zaure ya zo da sanin aruli, malamin lakkwal ya zo da ƙa'idar boko, su zauna tabarma ɗaya. Mata su kafa tasu majalisa, kamar yadda ƴan taru suka yi. A gyara baiti ba tare da an ci mutuncin mai shi ba, shi kuma ya karɓi gyara da haƙuri, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Waƙar da ta tsira daga majalisa a rubuta ta cikin babban littafi, da ajami da boko, da sunan mai ita da garinsa da shekara. Gidajen rediyon gari su ware mata lokaci, ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi kuma su taimaka wajen tattara tsofaffin takardun da suke cikin akwatuna kafin gara ta riga mu.

Muna fata magadan gari da sarakuna da shugabannin makarantu na Tasawa da Mayahi za su ba wannan aiki goyon baya. Allah ya ƙara wa masu alƙalami basira, ya ba masu sauraro kunnen gaskiya, amin.