Kilo Nawa Ake Kira Nasara?

A shekarar 1997 wasu masana a Jami'ar Fensilbaniya da ke Amurka, cikinsu har da Gary Foster da Thomas Wadden, suka wallafa amsar wata tambaya da suka yi wa mata 60 masu ƙiba kafin a fara ba su horon rage nauyi. An ce kowace ta rubuta nauyi iri huɗu: wanda take mafarkin kaiwa, wanda zai faranta mata rai, wanda za ta karɓa don dole, da wanda in ta tsaya a kansa za ta ce wahalar banza ta sha. Da aka tattara amsoshin, sai aka ga burin matan shi ne su sauke kusan kashi 32 cikin 100 na nauyinsu. Rage kilo 25 a wurinsu ba yabo ba fallasa ne. Kilo 17 kuwa takaici ne tsantsa.

Bayan mako 48 ana fama, matsakaicin abin da suka rage bai wuce kilo 16 ba. Kusan rabinsu, kashi 47 cikin 100, ko matakin da suka kira na takaici ba su taka ba.

Abin da ya sa wannan bincike bai tsufa ba shi ne, duk likitan da ya ga mace mai kusan kilo 100 ta sauke kilo 16 zai yi mata barka da babbar murya, domin ya san abin da hakan ke yi wa jini da suga da gwiwa. Ita kuwa tun kafin ta fara ta riga ta sa wa wannan sakamako suna faɗuwa. Aikin ya yi kyau, ma'aunin da ta riƙe ne bai dace ba, kuma mutumin da yake ganin ya faɗi shi ne ya fi saurin watsar da komai ya koma gidan jiya.

Daga ina irin wannan buri yake fitowa? Talabijin na da kaso mai tsoka. A 2004 tashar NBC ta Amurka ta fara wani shiri mai suna The Biggest Loser, inda ake tara masu ƙiba a killace su, a rage musu abinci, a sa su atisaye na sa'o'i a kullum, wanda ya fi kowa ramewa ya tafi da kuɗi. Gwarzon zagayen 2009, Danny Cahill, ya shiga da kilo 195 ya fita da 87 cikin wata bakwai. Miliyoyin 'yan kallo suka ɗauka haka nasara take kama.

Sai wani masani na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, Kevin Hall, ya bi sawun mutum 14 daga cikin 'yan wannan zagaye har shekara shida, ya fitar da sakamakon a 2016. A matsakaici kowannensu ya sauke kilo 58 a lokacin gasar, kilo 41 ya dawo. Mutum 13 sun sake yin ƙiba, Cahill kansa ya mayar da fiye da kilo 45. Abin da ya fi ɗaure wa masu binciken kai shi ne yadda jikin waɗannan mutane ya rage ƙona abinci. Ko suna kwance ba sa komai, jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga mai irin girmansu, kuma shekara shida ba ta gyara hakan ba. Jiki yana yin abin da magidanci ke yi ne in albashi ya ragu: ya tsuke bakin aljihu, kuma ko kuɗi sun dawo ba ya saurin sakewa. Ga shi sinadarin leftin, wanda kitse ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, yana faɗuwa idan aka rame, sai yunwa ta ƙaru. Wanda ya mayar da ƙibarsa bayan irin wannan ramewa ba lallai ragwanci ne ya ci shi ba.

Jaridu sun yi ta yayata labarin a matsayin shaida cewa rage ƙiba ɓata lokaci ne. Amma a cikin rahoton nan akwai wani layi da bai samu shiga kanun labarai ba: bayan shekara shida, 8 daga cikin mutum 14 ɗin suna nan da ragin aƙalla kashi 10 cikin 100 na nauyin da suka fara da shi. A ma'aunin talabijin sun ji kunya. A ma'aunin asibiti kuwa, fiye da rabinsu sun yi abin da akasarin masu ƙoƙari ba sa iya yi.

Wannan ma'auni na asibiti ba lallashi ba ne, yana da tushe. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ga ciwon suga ba. Aka raba su gida uku. Kashi ɗaya aka ba su maganin metformin, kashi ɗaya ƙwayar da ba magani a cikinta, na ukun aka ce su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako, galibi tafiya da sauri. Cikin kusan shekara uku, maganin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, sauya ci da tafiya kuwa ya rage da kashi 58. Ga waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama ragin ya kai kashi 71. Shekara guda kafin nan wani gwaji a ƙasar Finlan ya ba da kashi 58 ɗin nan daidai.

Kashi 7 cikin 100 ga mai kilo 100 kilo bakwai ke nan. A cikin babbar riga ko zani da lulluɓi, ba wanda zai lura a wurin biki.

A ƙasar Hausa lissafin ya ƙara sarƙewa, domin ma'aunin yana hannun jama'a, jama'a kuwa baki biyu gare su. Amarya ta je gida bayan wata uku ta yi kumatu, gwaggonni su ce aure ya karɓe ta. Magidanci ya ajiye tumbi, abokai su ce Alhaji naira ta zauna. In ya dage ya rage kilo takwas bisa shawarar likita, gaisuwar da zai yi ta sha ita ce: “Lafiya kuwa? Ka rame fa.” A bayan idonsa kuma a yi ta ƙus-ƙus, ko kasuwa ce ta juya masa baya, ko wani ciwo yake ɓoyewa. A unguwa ɗaya za a samu budurwar da ke sayen maganin ƙiba, wanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, da maƙwabciyarta da ke odar shayin rage tumbi daga Instagram. Irin na farko sau da yawa yana ɗauke da magunguna dangin dexamethasone, masu kumbura fuska, su tara ruwa a jiki, su tayar da suga da hawan jini. Na biyun kuma sau da yawa filasko ne ko wani abin sa gudawa aka zuba a kwali mai kyau. Abin da yake fitarwa ruwa ne da bayan gida, kitse yana nan inda yake. Dukansu biyu siffa suke nema wadda wani ya zana musu, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ta auna jininta kafin ta fara.

Shi kansa sikeli shaida ne mai rauni. Wanda ya yanke tuwo da shinkafa da burodi zai iya ganin kilo biyu sun tafi a makon farko, ya yi ta murna, alhali yawanci ruwa ne: jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka, kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram uku na ruwa, in ajiyar ta ragu ruwan ya bi ta. Gishiri ya yi yawa a miyar dare, ko mace tana dab da al'ada, sikeli ya hau da safe ba tare da an ƙara kitse ko kaɗan ba. Azumin Ramadan ma haka: nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna ana rage kilo ɗaya ko ɗan fiye a watan, kuma yawanci yana dawowa cikin makonni bayan sallah.

Ma'aunin BMI da ake rubutawa a katin asibiti, wato a raba nauyi da tsawo sau tsawo, ya samo asali ne daga wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830. Ba likita ba ne, kuma al'umma yake aunawa, ba mutum ɗaya ba. Sai a 1972 wani masani, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi yau. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 25 a matsayin nauyi ya fara yawa, 30 kuma ƙiba. Yana da amfani wajen ƙidayar ƙasa; da shi aka gano cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba. Amma bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗan kokawar da ke neman takobi a Nijar zai iya faɗawa sahun masu nauyi fiye da kima, ma'aikacin ofis mai siraran ƙafafu da teɓa a gaba ya tsallake, alhali shi ne a bakin haɗari, domin kitsen da ke naɗe hanta da hanji shi ya fi jawo ciwon suga da na zuciya.

Shi ya sa a 2022 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara mai sauƙi: kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Tef ɗin tela ya isa. Ko shi babu, a auna tsawo da igiya, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. In bakunan ba su haɗu ba, da sauran aiki.

Akwai kuma nasarar da ba ta bayyana a sikeli ko a tef. Steven Blair da abokan aikinsa a cibiyar Cooper da ke Dalas sun auna juriyar maza kusan 22,000 a kan injin gudu, suka bi rayuwarsu na kimanin shekara takwas. Rahotonsu na 1999 ya nuna siriri marar juriya ya fi mai ƙiba mai juriya haɗarin mutuwa da wuri. Wasu sun mayar da wannan lasisin zama da tumbi, wanda kuskure ne, don ƙiba tana da nata lahanin ko da ana motsa jiki. Darasin da ke cikin binciken shi ne, matar da ta yi wata shida tana tafiya kullum bayan asuba, sikeli bai motsa ba amma ta daina haki a kan matakala, ba ta yi asara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman minti 150 zuwa 300 a mako na irin wannan motsi, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Taku 10,000 da wayoyi ke matsa wa mutane a kai kuwa, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya fito, wadda kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965. Binciken I-Min Lee ta Jami'ar Harbad a 2019 kan tsofaffin mata fiye da 16,000 ya ga amfani tun daga taku 4,400, kuma amfanin ya daina ƙaruwa sosai wajen 7,500.

Burin da ya fi riƙe mutum shi ne wanda ya danganci abin da yake son jikinsa ya iya. Dattijon da ya biya kuɗin kujerar Makka yana da ma'auni a shirye: tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya ɗan haura kilomita uku, ban da ɗawafi. Ya iya yin wannan da ƙafarsa ba a tura shi a keke ba, buri ne da ake iya aunawa tun daga gida. Hajiyar da gwiwa ta tilasta mata salla a kan kujera tana da nata: binciken Stephen Messier na 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Mai ciwon suga kuwa burinsa na iya fin haka girma. A gwajin DiRECT da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2017, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin rage nauyi na gwajin sun ga sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda, kuma cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye adadin ya kai kashi 86. Ga irin wannan mutum yawan kilo yana da muhimmanci, amma likita ne zai tsara masa, ba ya ajiye magani da kansa ba.

Sababbin allurai irin su Ozempic da Wegovy ba su kawar da tambayar ba. A wani gwaji na 2021 masu yin allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 cikin mako 68, amma da aka tsayar, kashi biyu cikin uku na abin da ya tafi ya dawo cikin shekara guda.

Saboda yadda ƙiba kan dawo ne Rena Wing da James Hill, waɗanda suka kafa rajistar masu riƙe raginsu a Amurka a 1994, suka sa lokaci a cikin ma'anar nasara: a rage kashi 10 cikin 100 da gangan, a riƙe shi aƙalla shekara guda. Sun ƙiyasta mutum ɗaya cikin biyar ne ke iya hakan. Mutanen da ke cikin rajistar, fiye da 10,000, ba su da wani sirri guda. Yawancinsu suna motsa jiki kusan awa ɗaya a rana, galibi tafiya, suna karya kumallo, suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako don su kama ƙari tun yana kilo ɗaya ko biyu.

Kalmar “da gangan” a wannan ma'ana ba ado ba ce. Mutumin da bai sauya ci ba, bai ƙara motsi ba, ya ga wandonsa yana zamewa, bai kamata ya karɓi barka daga kowa ba. Likitoci suna ɗaukar raguwar kashi 5 cikin 100 cikin wata 6 zuwa 12 ba tare da dalili ba a matsayin alamar da ke buƙatar bincike, domin haka ciwon suga kan fara bayyana, haka tarin fuka, haka ciwon maƙoƙo mai sa zuciya bugawa da sauri, haka wasu nau'o'in ciwon daji. In ramewar ta zo da yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko tarin da ya wuce mako biyu, gwajin suga da na majina ne matakin farko, kuma ana yin su a yawancin manyan asibitocin gwamnati.