Katangar Marayu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

A cikin watan Janairu na 2021 waɗansu 'yan bindiga suka faɗa wa wani gidan marayu da dare a Abaji, cikin ƙasar Abuja, suka tafi da yara har da manya. Duk wanda ya ji labarin ya yi salati. To, amma bayan salati sai a tambaya: wa ke da alhakin tsaron irin wannan gida?

Malamai sun san ƙissar da ke cikin Suratul Kahfi. Annabi Musa, alaihis salamu, da bawan Allah Haliru suka isa wata alƙarya, mutanenta suka hana su abinci. Duk da haka Haliru ya ga wani bango yana shirin faɗuwa, ya tayar da shi, bai karɓi ko anini ba. Ashe na waɗansu marayu ne guda biyu, akwai dukiyarsu binne a ƙarƙashinsa. Ke nan gyaran katangar maraya ibada ce tun fil azal.

Attajirai kuwa ba su yi rowa ba. Da azumi ana kai buhunan shinkafa da gero, da salla ana kai tufafi. Abin da ake mantawa shi ne ƙyaure da kwaɗo da ladan maigadi, alhali kuwa kayan da aka tara a rumbu marar tsaro su ne ke kiran ɓarawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran ba shi da wuya. A ɗaga katanga, a bar ƙofa ɗaya tak, a rubuta sunan kowane baƙo da abin da ya kawo shi. A sa masu gadi biyu suna karɓa-karɓa, a biya su kan kari, domin maigadi mai jin yunwa barci yake yi. A kafa fitilu masu aiki da hasken rana. Kada kuɗi su kwana a gidan, a kai su banki. Mabuɗin rumbu ya zama a hannun mutum biyu amintattu. Sa'an nan a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri da 'yan sanda, a shirya da maƙwabta irin ƙarar da za su ji su fito.

Sai dai a lura, malaman Malikiyya ba su yarda a gina katanga da zakka ba, domin an ƙayyade masu cinta kashi takwas. Hanyar wannan aiki ita ce sadaka da waƙafi. Ɗan kasuwa zai iya tsayar da hayar shago ɗaya domin ladan maigadi, ladanta yana gudana har bayan ransa. Limamai kuma su riƙa tunatarwa a huɗuba.

Yaron da ya ga ɓarayi a kansa yakan daɗe yana firgita cikin barci. Ba ya samun natsuwa sai ya ga an kulle ƙofa, ya ji takun maigadi a waje.

Allah ya tsare marayu, ya saka wa masu tsaronsu da alheri, amin. Wassalamu.